Shaidar da Na Ɗebo a Doguwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma 'yan gidanmu ba za su bar ni ba, da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hadiza a Ƙofa. Amma kafin mu je wurin ɗaurin auren, gara in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku ɗora wa shaiɗan laifin da ba nasa ba.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Kiru. Cikin duk darussan da nake koyarwa akwai wanda nake ji da shi, wato kalmomin da Bature yake jefawa a magana idan yana so ya nuna abin da ya faɗa gaskiya ne. Irin su “indeed” da “in fact” da “definitely” da “as a matter of fact”, sai kuma babbar yayarsu, “undoubtedly”. Idan ka juya su da Hausa ba su wuce tabbas da haƙiƙa da babu shakka ba, amma ni a wancan lokacin gani nake sun fi namu nauyi. Nakan cika allo da su, in ce wa ɗalibai duk wanda ya rubuta insha'i bai saka ko ɗaya ba, miya ya kawo min ba gishiri. Yara kuwa suka riƙe. Sai ka ga yaro ya rubuta cewa babu shakka sunansa Musa, kuma haƙiƙa a Badafi aka haife shi, ni kuma in ba shi maki.

Abin bai tsaya a aji ba, ya bi ni har gida. Mai shayi ya tambaye ni ko a ƙara sukari, in ce masa “definitely”. Matata ta ce ko zan dawo cin abincin rana, in ce mata “indeed”. (Ta daɗe da daina tambayar ma'anarsu. Ta ce ta lura duk ranar da na faɗi mai tsawo, ranar ce ba na dawowa.)

Mahaifinmu ya rasu tun Hadiza tana firamare, don haka ƙaninsa, Baffa Sule, shi ne ubanmu, shi ne kuma waliyyinta. Ta gama karatun jinya tana aiki a wani asibiti a Bebeji, sai ta kawo maganar wani Nasiru, mutumin Doguwa, mai yi wa shanu allura da ba su magani. Ita ta zaɓo abinta, iyayensa sun zo sun yi gaisuwa, saura bincike. Ni ban taɓa ganinsa ba. A Kiru nake zaune, sai ƙarshen mako nake leƙa gida, shi kuma idan ya zo zance ya ji an ce babban yaya yana nan, sai ya tsaya can bayan masallaci ya aika a kira ta. Hotonsa yana cikin wayarta, na sani. Ita kunya ta hana ta nuna min, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Wata Asabar da hantsi Baffa ya kira ni zaure. Yana zaune ya miƙe ƙafar da take damunsa a kan buzu.

“Ka ga dai halin da gwiwar nan take ciki,” in ji shi. “Ba za ta kai ni Doguwa ba. Kai ne babba, kai ne mai ilimi. Ka je ka bincika min yaron nan. Ka ga limamin unguwarsu, ka ga maƙwabta, ka zauna wurin masu shayi ka saurara. Kada ka ce wa kowa daga ina kake. Abin da ka kawo min, a kansa zan ba da 'yar nan ko in hana.”

Na ce, “Baffa, ka ɗauka an gama.”

Da damina ne. Na hau mota a Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore direba yana gudu fasinja suna salati. Muna isa Doguwa ruwa ya tsuge. Ni kuma na sa takalmina mai sheƙi da farin yadi, don a ganina mai bincike ya kamata a gan shi da kwarjini. Na ruga na fake a barandar wani shagon maganin dabbobi kusa da kasuwa, inda mutane suka cunkushe, manoma da buhunan dankalinsu, da wasu Fulani da sandunansu.

A nan na ga wani saurayi zaune a kan benci, da takalmin roba har gwiwa duk taɓo, yana karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Wani dattijon Bafulatani yana yi masa bayanin saniyarsa da ta ƙi cin abinci, yana kiransa Likita. Kowa a wurin Likita yake ce masa. Abin da ya ja hankalina shi ne takardar da Turanci take, kuma bakinsa yana motsi daidai, ba irin na mai kallon hoto ba. Na ce a raina, ga abokin aikin Nasiru, ga kuma ɗan boko ɗan'uwana. Shi Nasirun na riga na ji Hadiza tana gaya wa Inna, mahaifiyarmu, cewa tun asuba yake shiga rugage, sai dare ya dawo, saboda haka ban kawo shi a raina ba sam.

Na matsa na yi masa sallama. Don kada mutanen wurin su gane abin da ya kawo ni, sai na juya harshe zuwa Turanci. (Wannan dabara ce, kuma har yau ina ganin ita kaɗai ce dabarar da na yi a tafiyar.) A jimlar farko na gaya masa daga Ƙofa nake, a ta biyu na ce ƙanwata wani Nasiru yake nema, a ta uku na ce an aiko ni bincike a asirce. Duk abin da Baffa ya ce kada in faɗa, na faɗe shi kafin ruwan da ke kaina ya bushe.

Saurayin ya miƙe zumbur. Ya ba ni bencin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, takalmin roba yana ƙara. Bai sake kallon idona ba. Ana sanyin ruwa amma gumi yake yi. Ni kuma na ji daɗi ƙwarai, na ce lallai mutanen Doguwa sun san darajar Turanci.

Na tambaye shi ko ya san Nasiru. Ya dubi ƙasa, ya ce, “Indeed.”

Wallahi sai da na ji wani sanyi a zuciyata. Na shekara da shekaru ina koyar da kalmar nan, ban taɓa jin wani ya mayar min da ita a wajen aji ba, kuma a inda ta dace.

Na ce yana salla a kan lokaci? Ya ce “definitely”, sai dai in yana cikin daji, nan ma yakan yi da Fulani. Na ce yana shaye-shaye? Ya ce ko sigari bai taɓa sawa a baki ba, ya kuma rufe da “in fact”. Na ce ko yana da wata mata da ya ɓoye, ko ya taɓa saki? Ya ce “as a matter of fact” bai taɓa aure ba. Ina tambaya yana amsawa, ni kuma maimakon in auna maganar, maki nake ba shi a zuci. Daga ƙarshe na ce, to halinsa fa, yana da haƙuri, yana jin shawara? Nan ya ninke takardar maganin, ya sake buɗe ta. Ya share goshi, sannan ya ce, “Undoubtedly.”

Na miƙe na ba shi hannu. Na ce masa Turancinsa ya fi na wasu malamai da na sani. Ban tambayi sunansa ba, Likita ya ishe ni. Da ruwa ya tsagaita ya saya min gasasshiyar masara, ya ɗauke ni a babur ɗinsa har tasha, ya tsaya sai da mota ta tashi. Liman ban gan shi ba, maƙwabta ban san ko ta ina gidajensu suke ba. Ina cin masara a mota ina tausayin masu binciken da sai sun yini suna yawo gida-gida.

Da na dawo na sami Baffa a zaure, Inna tana tsaye daga bakin ƙofar cikin gida tana saurare. Na zayyana musu komai, ban rage kalma ɗaya ta Turancin ba, ina faɗa ina fassarawa.

Baffa ya ce, “Mutum nawa ka ji daga bakinsu?”

Na ce, “Baffa, ba yawa ake dubawa ba, inganci ake dubawa. Abokin aikinsa ne, likita ne, mai ilimi. Ya tabbatar min.”

“Liman fa?”

“Ruwa aka yi sosai.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Hankalinka ya kwanta a ba shi ita?”

Na ce, “Definitely, Baffa.”

“Wannan ita ce ta tabbas ɗin?”

Na ce ita ce. Ya ce to Allah ya sa alheri, a aika musu su zo a sa rana.

Aka sa rana bayan kaka. Ranar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, aka kafa rumfa, motocin Doguwa suka iso tun da hantsi. Dattawa suna gaba, Baffa da liman da baffan ango, wani dogon mutum mai furfura da ake kira Malam Haruna. Samarin Doguwa kuwa suna can baya a gindin darbejiya, duk sun yi ankon farar shadda, ba ka bambance wannan da wancan. Ni ina ta kai da kawo da babbar riga, ina nuna wa mutane wurin zama da ba su tambaye ni ba.

Can sai na hango Likita a cikinsu. Ya yi wanka ya yi fes, ba takalmin roba. Da muka haɗa ido sai ya koma bayan wani mai ƙiba. Na ce a raina, ji kunyar bawan Allah, ya yi aikin alheri ba ya so a sani. Na kutsa cikin samarin na kamo hannunsa.

Ya ce a hankali, “Yaya, don Allah ka tsaya in yi maka bayani.”

Na ce, “Ba wani bayani. Yau sai Baffa ya gan ka.”

Abokansa suna cewa “Malam, Malam”, ni ina jan sa. Yana turjewa ina ƙara riƙewa. Na ratsa sahun mutane da shi, muna tsallake takalma, har gaban tabarmar dattawa, daidai lokacin da liman ya gyara zama zai fara. Na ɗaga murya don na baya su ji, domin ina so a san aikin da na yi.

“Baffa, kafin a ɗaura, ga mutumin da ya ba ni shaidar ango. Duk abin da na kawo maka daga bakinsa na ji. In da wanda ya kamata a gode wa a auren nan, to shi ne.”

Likita ya zube a ƙasa ya sunkuyar da kai. Malam Haruna ya dube shi, ya dube ni, ya dubi Baffa. Ba tare da ya ɗaga murya ba ya ce, “Ai wannan shi ne Nasirun.”

Ban san ko kun taɓa jin shirun taron mutane ba. Ba shiru ne na gaske ba, akwai tari, akwai mai gyara hula, akwai wanda ya fara dariya ya mayar da ita atishawa. Ni dai ina tsaye, hannun ango yana cikin nawa, don na manta yadda ake sakin hannu. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito, Allah ya gani, “actually” ne. Daga nan ban sami ta biyu ba.

Baffa bai kalle ni ba. Ya ce wa liman, “Malam, a dakata.”

A nan ne kunyata ta koma tsoro. Abinci yana kan wuta, mata sun cika gida, Hadiza tana ciki da lalle a hannu. Idan Baffa ya ce an fasa, ko an ɗaga, ba ni za a riƙa nunawa a garin nan ba, ita za a nuna. Kuma yana da gaskiya idan ya fasa, domin a kan maganata ya ba da ita, maganata kuma ga abin da ta zama.

Ya juya ga Nasiru. “Kai ka ba da shaidar kanka?”

“Ni ne, Baffa.”

“Me ya hana ka ce kai ne?”

“Da ya ce shi yayanta ne, sai kunya ta kama ni. Na ce bari ya gama magana in faɗa masa. Bai gama ba har mota ta tashi.”

Wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa. Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce wa Nasiru ya tashi ya koma wurin abokansa, nan ba wurin zamansa ba ne. Ni kuma ya ce in zauna. Ban sami wuri a tabarma ba, na zauna a ƙasa da babbar rigata.

Sannan ya fuskanci Malam Haruna. “Malam, bincikena ya rushe, kuma ba ni da ƙafar sake wani. Kai ka riƙe yaron nan. Ban tambaye ka alherinsa ba, na ji shi da Turanci. Tsakaninka da Allah, mene ne aibinsa?”

Malam Haruna ya shiga murza carbi. Ana gani an san ba ya son faɗa a gaban jama'a, amma an haɗa shi da Allah.

“Yana da taurin kai,” in ji shi. “Idan ya ƙudurta abu, sai dai ka gaji ka bar shi. Yana da saurin fushi, amma ba ya kwana da shi, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. Sannan idan ya shiga daji wurin shanu yakan kwana biyu bai waiwayi gida ba, ko waya ba ya yi. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji. Wannan shi ne abin da na sani, in na ɓoye wani abu Allah ya tambaye ni.”

Wani tsohon Bafulatani da ya biyo motar Doguwa ya ce daga inda yake zaune, “Maganar dajin gaskiya ce. A wurinmu yake kwana.”

Baffa ya kira Inna ta bakin zaure, ya ce ta shiga ta gaya wa Hadiza waɗannan abubuwa uku yadda aka faɗe su, kada ta rage, ta kawo amsa. Jama'a suka zauna suna jira a rana. Ban taɓa sanin tsakanin zaurenmu da ɗakin Inna akwai nisa haka ba. Ba wanda ya yi min magana. Wani ɗalibina na dā da ya zo cin shinkafa yana ta kallona, na yi kamar ina karanta wani abu a tafin hannuna.

Inna ta dawo. Ta ce, “Ta ce duk ta sani. Ta ce taurin kan ma bai kai nata ba. Ta ce kuma a gaya wa Yaya, da ya tambaye ta da ta nuna masa hoton.”

Baffa ya ce wa liman, “Bismillah.” Aka ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Ni ba a miƙo min ba, ban kuma nema ba.

Bayan biki da 'yan makonni Nasiru ya zo gaishe ni har Kiru, da buhun dankali a bayan babur. Ya durƙusa kamar yadda ya yi a barandar nan, sai dai yanzu na san dalili. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cin raina, na ce ya aka yi bakinsa ya iya yabon kansa haka ba ko gargada.

Ya ce, “Yaya, da da Hausa ka tambaye ni, ba zan iya ba. Ka ce in ce wallahi ni mutumin kirki ne? Harshena ba zai juya ba. Amma da Turanci sai na ji kamar jarrabawa nake amsawa, ba ni ake nufi ba.”

Na ce to cikin abin da ya faɗa, nawa ne gaskiya?

“Duk gaskiya ne, sai maganar haƙurin nan. Shi ya sa na nemo kalmar da ta fi tsawo.”

Suna nan a Doguwa da 'ya'yansu. Yakan shiga daji ya manta da waya, ita kuma takan rufe ƙofa ta ƙi buɗewa sai ya yi bayani daga waje, da Hausa. Ina jin suna zaune lafiya, amma ba zan ba da shaida ba, don ba a tambaye ni ba.

Ba a kuma sake tambayata ba. Da auren autarmu ya taso, ina zaune a zaure Baffa ya aika ƙanina bincike Tudun Wada, yaron da ko sakandare bai gama da kyau ba. Na yi gyaran murya, na ce ko akwai abin da zan taimaka da shi. Baffa ya yi tunani sosai, sannan ya ce in kula da jera kujeru.

Har yanzu ina koyar da darasin nan, domin yana fitowa a jarrabawa, kuma yara suna buƙatar maki. Sai dai idan na gama cika allo nakan ajiye alli in ƙara musu abin da babu shi a manhaja. Nakan ce, duk wanda ya ce muku babu shakka, da kowane harshe ya faɗa, kafin ku tambaye shi abin da ya sani, ku fara tambayarsa sunansa.